Ribar Goran Ruwa Tana Kan Fatarsa

Duk lokacin da aka tayar da zancen goran ruwa a ƙasar nan, wato ƙarfen nan mara nauyi da wasu ke kira sanholo ko alminiyam, ba a jimawa sai hira ta koma kan Ikot Abasi. A can ne, cikin jihar Akwa Ibom, gwamnatin tarayya ta gina masana'antar narkar da goran ruwa ta ALSCON, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da tan 193,000 a kowace shekara. Ta soma aiki a 1997, ta tsaya a 1999. A 2004 kamfanin BFIG na Amurka ya yi tayin sayenta a kan dala miliyan 410, amma daga bisani aka miƙa ta ga kamfanin RUSAL na Rasha a 2007. Kotun Ƙoli ta ba BFIG gaskiya a 2012, sannan a 2013 aka sake dakatar da aiki. Idan aka yi lissafi, shekarun da masana'antar ta yi a rufe sun ninka waɗanda ta yi tana hayaƙi.

Babu mai musun cewa ƙasa kamar Nijeriya ta cancanci ta narka goran ruwanta da kanta. Sai dai kuma wannan aiki ne na manyan gwamnatoci da manyan kamfanonin duniya, domin kuwa fitar da tan guda daga ma'adininsa yana cin lantarki kimanin kilowat-awa 14,000. Saboda haka ne ma aka gina wa ALSCON tashar lantarki tata ta kanta mai ƙarfin fiye da megawat 500. Ɗan kasuwar da ke Nnewi ko Aba ko Ota ba shi da ta cewa a wannan fage, in ban da sauraron labarin shari'a. Amma akwai wani ɓangare na sana'ar, can a ƙarshenta, wanda jarinsa bai fi ƙarfin attajiri mai matsakaicin hali ba, kuma a nan ne rabo mai tsoka na ribar yake kwance. Wannan ɓangare shi ne ƙarfafa fatar ƙarfen domin ta jure guga. Shekarun da aka ɓata ana jiran Ikot Abasi, da an ba wannan sana'a ko da kaɗan ne daga cikin hankalin da aka mayar can, da kayan gyaran da ake ƙerawa a cikin gida ba su sha sunan banza ba a kasuwannin Ladipo da Panteka.

Dalilin da ya sa masu ƙera motoci da babura da injuna suke son goran ruwa a bayyane yake. Nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, yana saurin fitar da zafi, kuma yana narkewa a digiri 660 kacal, abin da ya sa ko maƙerin bakin kasuwa yake iya zuba tukunya da shi. Aibinsa guda ne babba, wato taushi. Akwai ma'aunin tauri da injiniyoyi ke amfani da shi mai suna Vickers. A wannan ma'auni, gamin goran ruwan da aka fi yin kayan injuna da shi, wanda ake yi wa lamba 6061, bai wuce 100 da 'yan kai ba ko bayan an gasa shi ya yi ƙwari. Ƙwayar yashi kuwa, irin wadda ke cikin ruwan kogi da ƙurar hanya, ta haura 1,000. Ashe ke nan duk inda yashi ya shiga tsakanin goran ruwa da wani abu mai motsi, aikin magagari yake yi. Bugu da ƙari, idan goran ruwa ya gogu da wani ƙarfe babu isasshen mai a tsakaninsu, sai ya riƙa ɓantarewa yana liƙe wa abokin gugarsa, har motsi ya tsaya cik. Kowane bakanike ya san wannan, domin shi yake gani idan ya kwance injin da ya buga.

Ƙasar nan kuwa ba ta rasa yashi ba. Ƙurar hunturu da iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana isa har gaɓar teku a watannin Disamba da Janairu. Mai noman rani yana jan ruwa mai laka da injin da gangar jikinsa ta goran ruwa ce. Ɗan acaɓa yana bin hanyar da ba ta san kwalta ba daga safe zuwa dare, ƙura tana shiga cikin birki da ƙafafun gaba na babur. A masaƙu da masana'antun leda da na kwali, zare da takarda suna bi ta kan sanduna masu juyawa dare da rana har su yi musu kwari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne ke zurarewa, kuma galibinsa kuɗin musaya ne na ƙasashen waje, tun da yawancin kayan da ake sauyawa daga ƙasar Sin ko Indiya ake shigo da su. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, wannan asara ta daina zama abin da mai masana'anta zai kawar wa kai.

Maganin da ya fi daɗewa kuma ya fi sauƙin kuɗi shi ne wanda masu sana'ar ke kira anodayizin. Goran ruwa da kansa yakan yi wa jikinsa wani ɗan siririn ɓawo da zarar iska ta taɓa shi, shi ne ma yake hana shi tsatsa, amma ɓawon ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko farce yana iya keta shi. Abin da anodayizin ke yi shi ne ya tilasta wa wannan ɓawo ya yi kauri sau dubbai. Ana tsoma ƙarfen a cikin kwatami mai ɗauke da irin sinadarin ruwan batir da aka sirka, a sakar masa lantarki, sai fatar ƙarfen ta riƙa rikiɗa tana zama wani abu mai tauri kamar tangaran. Ba fenti ba ne da aka shafa a kai, saboda haka ba ya ɓarewa kamar fenti. Jikin ƙarfen ne da kansa ya sauya. A Birtaniya aka fara amfani da dabarar a masana'anta a 1923, domin kare jiragen sama masu sauka a kan teku daga gishiri, kuma a 1927 aka yi rajistar hanyar yin ta da sinadarin ruwan batir, wadda har yau ita ce aka fi bi.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya natsu, domin anodayizin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin ado da aiki. Ana auna kaurin ɓawon da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yakan kai kamar maikiron 70. Na ado, irin wanda ake yi wa tagogi da ƙofofi, kaurinsa daga maikiron 5 zuwa 25 ne, ana yin sa a ruwa mai ɗumin ɗaki. Fatarsa cike take da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, waɗanda ke shan rini, shi ya sa ake ganinsa baƙi ko ruwan zinari ko ruwan tagulla. Mai tauri kuwa, wanda shi ne na injuna, ana yin sa ne a ruwan da aka sanyaya ya kusa daskarewa, da lantarki mai ƙarfi, na kimanin sa'a guda, har ɓawon ya kai maikiron 50 ko fiye. Taurinsa yakan kai 400 zuwa 500 a ma'aunin Vickers, wato ya ninka na ƙarfen da ke ƙarƙashinsa sau huɗu ko biyar. Rabin kaurin yana nutsewa cikin ƙarfen, rabi yana tasowa waje, saboda haka sandar da aka yi wa maikiron 50 faɗinta zai ƙaru da maikiron 50, ramin da aka yi wa haka kuma zai tsuke da kwatankwacin wannan. Mai sassaƙa ƙarfe da inji wanda bai bar wannan tazara ba tun farko, zai karɓo kayansa daga wurin masu rufi ya tarar ba sa shiga juna.

Irin na ado ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Masana'antun da ke tatso sandunan tagogi, irin su NIGALEX da aka kafa a Oshodi ta Legas cikin shekarun 1970, sun daɗe da saninsa. Giɓin yana wajen mai taurin. Maƙerin da ya sassaƙa kura ko sanda ko murfin famfo a Nnewi, in ya gama, yawanci sai ya wanke ya goge ya kai kasuwa tsirara. Kayan ya yi ƙyalli a kanti, kyan ɗan maciji, bayan 'yan watanni ya cinye, mai saye ya rantse ba zai sake taɓa na gida ba. Sau da yawa zanen ba shi da laifi, gwanintar maƙerin ma haka, maikiron 50 ɗin nan na ƙarshe ne kawai aka rasa.

Sai dai duk wanda ya ce wa mai zuba jari rufi yana gyara kowane irin ƙarfe, ya cuce shi. Anodayizin yana son gami mai tsabta wanda aka san abin da ke cikinsa. Gamin da ke da magnesiyam da ɗan silikon kaɗan, irin 6061 da 6063, yana karɓarsa da kyau. Wanda jan ƙarfe ya yi yawa a cikinsa yakan ƙone a cikin kwatami. Wanda silikon ya yi yawa, kamar akasarin kayan da ake zubawa a mazubi, ɓawonsa yakan fito da duhu, wani wuri da kauri wani wuri babu, domin silikon ba ya rikiɗa. To, mafi yawan goran ruwan da ƙananan maƙera ke narkawa daga hannun 'yan gwangwan yake fitowa: tsohon fistin, gwangwanin lemo, wayar lantarki, murfin inji, duk a tukunya ɗaya. Abin da ya fito daga wannan haɗi babu mai iya faɗin sunansa, balle a san irin lantarkin da zai karɓa. Ke nan matakin farko na sana'ar rufi yana filin tarkace, inda za a ware kowane iri daban. Akwai na'urorin hannu da ke karanta abin da ke cikin ƙarfe cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma masu narka tarkace domin fitarwa waje sun san su sarai. Rahotannin cinikin waje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun sanya curin gamin goran ruwa, wanda ake kai wa Japan da ƙasar Sin, cikin manyan kayan masana'anta da Nijeriya ta fitar. Abin takaici a nan shi ne, tarkacen da aka tace da kyau yana tafiya waje a farashin ɗanyen ƙarfe, ya dawo a matsayin kayan gyara mai rufi a farashin da ya ninka, maƙerin gida kuma ya zauna da ragowar.

Zancen tarkace ya wuce batun injuna, har cikin madafi ya shiga. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga tarkace a Kamaru ya gano cewa dalma tana fita daga jikinsu yayin dafuwa. Wani na 2017 da ya haɗa ƙasashe 10 ya sake tabbatar da haka, ya kuma nuna cewa yi wa tukunyar rufi ya rage ƙarfen da ke fita da fiye da kashi 98 cikin ɗari. Wannan ba hujja ba ce ta a ci gaba da zuba dalma a tukunya a rufe ta, domin soson ƙarfe da ludayi za su kai ga rufin wata rana. Amma ya nuna cewa kasuwar tukunya mai tsabtataccen gami da fata mai tauri tana nan tana jiran mai ita.

Ko a kan gami mai kyau, ɓawon yana da iyakarsa. Tauri gare shi, amma ba ya lanƙwasa. Idan nauyi ya taru a wuri ɗaya, ƙarfen da ke ƙasa ya lotsa, ɓawon sai ya tsage, kamar ɓawon ƙwai da aka ɗora a kan katifa aka taka. Abin da ke lanƙwasawa yana miƙewa dubban sau a rana, irin hannun da ke riƙe da ƙafar mota, yana iya saurin karyewa bayan an yi masa rufi mai tauri, domin tsagar takan fara daga fata ta nutsa ciki. Soda da ɗanyen siminti kuma suna cinye shi. Har ila yau, 500 bai kai 1,000 ba, wato yashi ya fi shi tauri. Jinkirta cinyewa yake yi matuƙa, amma ba ya hana ta.

Inda anodayizin ya gaza, akwai wasu hanyoyi, kuma labarin ɗaya daga cikinsu ya shafi Nijeriya kai tsaye. A 1967 kamfanin Mahle na Jamus ya fito da wani rufi mai suna Nikasil, wato ruwan nikel da aka cakuɗa da ƙwayoyin wani sinadari mai tsananin tauri, wanda ake yi wa cikin silindar inji domin fistin ya yi ta kai da kawo a kan goran ruwa ba tare da an sa masa hannun riga na baƙin ƙarfe ba. Ya yi suna a motocin tsere da babura. Amma a cikin shekarun 1990 kamfanonin BMW da Jaguar suka sa shi a manyan injunansu masu silinda takwas, sai ƙorafi ya yi ta zuwa daga Amurka da Birtaniya. Man fetur mai yawan farar wuta, idan inji bai yi zafi sosai ba, yana haifar da ruwa mai cin ƙarfe a cikin silinda, shi kuma ya lalata rufin. Kamfanonin biyu sun sauya injuna masu yawa da kuɗinsu, daga baya suka bar dabarar a waɗannan injuna. To, a lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen man da ake kawowa Afirka ta Yamma a 2016, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan a man dizal, alhali Turai ta tsaya a kan 10 tun 2009. A watan Disamba na wannan shekara Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin saukowa zuwa 50, ko da yake cika alkawarin ya ɗauki shekaru. Rufin da ya yi nasara a Jamus ba lalle ne ya jure man wata ƙasa ko ƙurarta ko ruwanta ba, kuma mai shigo da injin rufi da bai gwada kayansa a yanayin da za su yi aiki ba, caca yake yi da jarinsa.

Sauran hanyoyin ba su buƙatar dogon bayani a nan. Akwai ruwan nikel da ake yi ba da lantarki ba, wanda aka gano a Amurka a 1946. Yana shiga kowane lungu da kauri ɗaya, kuma yana kama kayan zubi da anodayizin ya ƙi. Akwai wata hanya da aka raya a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, inda ake sakin lantarki na ɗaruruwan bolt har tartsatsi ya riƙa tashi a jikin ƙarfen cikin ruwa, ta ba da ɓawon da taurinsa ke haura 1,500, amma cin wutarta ya sa ba ta dace da halin da ake ciki ba sai ga ƙananan kaya masu tsada. Akwai kuma fesa narkakken ƙarfe a cikin silinda, wanda kamfanin Ford ya yi amfani da shi a motarsa Shelby GT500 ta 2011. Ga mai farawa, anodayizin mai tauri da ruwan nikel sun wadatar.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Suna cewa mai saye a ƙasar nan farashi yake tambaya, ba kauri ba, kuma ɗan acaɓan da ke neman na cefane ba zai ƙara ko sisi ba saboda wani abu da idonsa ba ya gani. Gaskiya ne, amma kasuwar farko ba tasa ba ce. Ta masu masana'antu ce, waɗanda tsayuwar inji na yini guda ta fi musu kuɗin sandar da ta lalace ciwo, sai kamfanonin mai da gas, da masu haɗa babura da motoci, da masu gyaran manyan injuna. Waɗannan sun san cewa araha ba ta ado. Suna kuma cewa babu maƙeri ɗaya da ke da yawan kayan da zai cika kwatami kullum. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa a ƙasashen da suka ci gaba ba kowace masana'anta ke yin rufinta ba. Akwai gidajen da aikinsu ke nan kaɗai, suna karɓar kaya daga maƙera ɗari, kamar yadda marina ke karɓar yadi daga masaƙa da yawa. Gida ɗaya irin wannan a Nnewi, ɗaya a Aba, ɗaya tsakanin Ota da Agbara, ɗaya a Kano ko Kaduna, zai sauya darajar kayan dubban maƙera ba tare da kowannensu ya sayi ko kwatami ɗaya ba.

Babbar matsalar ita ce lantarki, kuma babu amfanin ɓoye ta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'urar sanyaya ruwa ta tsaya, ruwan ya yi ɗumi ya soma cinye ɓawon da ake ginawa, kayan da ke ciki duka sun tashi a banza, kuma kayan mutane ne. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin A daga abin da bai kai Naira 70 ba zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat-awa. Saboda haka wurin da za a kafa gidan rufi ya fi girman gidan muhimmanci: kusa da bututun gas, ko a yankin da ke da tasharsa, kamar Aba inda aka ƙaddamar da tashar Geometric a 2024. Sai kuma batun ruwan da aka gama aiki da shi, mai ɗauke da guba da ƙarafa. Mutanen da ke zaune a gaɓar kogin Challawa a Kano sun san abin da dagwalon masana'antu ke yi wa gona da kifi. Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'in kurom mai haddasa ciwon daji tun 2017 sai da izini na musamman, kuma akwai fargabar tsofaffin injunan da suka dogara da shi su nemi mafaka a Afirka cikin rahusa. Bankin da zai ba da rancen kafa gidan rufi ya kamata ya ƙi sa hannu sai ya ga wurin tace dagwalo a cikin lissafin jarin, hukumar NESREA kuma ta duba tun ana aza harsashi.

Gwamnati ba ta buƙatar kafa wata sabuwar hukuma. Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa tana Jos, cibiyar kayan injiniya ta hukumar NASENI tana Akure, kuma dukansu za su iya zama wuraren gwaji da horar da masu aikin kwatami. Abin da ya fi gaggawa yana hannun Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON. Ƙa'idojin duniya suna nan a rubuce: ISO 7599 na rufin ado, wanda ya kasa kauri daraja-daraja daga maikiron 5 zuwa 25, da ISO 10074 na rufi mai tauri. Muddin ba a tilasta wa mai sayarwa, na gida da mai shigowa, ya rubuta kaurin rufin a jikin kaya ko a takardar ciniki ba, wanda ya yi maikiron 5 ya rina shi baƙi zai ci gaba da kayar da wanda ya yi 50 a farashi, domin a ido ba su da bambanci. Manyan masu saye ma ba sai sun jira hukuma ba. Ɗan kwangilar da zai sa tagogi a bene a Legas ko Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, zai iya rubuta maikiron 20 ko 25 a cikin yarjejeniya, ya kuma auna kafin ya biya. Na'urar awon ba ta fi wayar hannu girma ba, ana ɗora bakinta a kan ƙarfen ne ta nuna lamba nan take, ba tare da ta ƙarce shi ba.